Mita Biyu da Rabi

"Auta, zo ki riƙe min bakin tef ɗin nan."

Auta ta ajiye rigar da take ɗinkawa a kan kekenta, ta fito falo tana karkaɗe zare daga jikin zaninta. Ta tarar da mijinta durƙushe a kan tayil, fensir saƙale a kunne, kwalaye da ledoji sun cika tsakar ɗakin. A jikin bango kuwa ga wani ƙaton talabijin baƙi wuluk, ya kusa cinye bangon gaba ɗaya.

Injiniya kowa yake kiransa a unguwar, ko da yake bai taɓa taka jami'a ba. Sana'arsa ita ce haɗa wa masu hali talabijin da sifikoki, ya mayar da falon mutum kamar gidan sinima. Shekara tara yana wannan aiki a gidajen mutane, sai yau, wata bakwai da aurensu, ya ɗaura nasa na kansa.

Ta dafa bakin tef ɗin a jikin bango, shi kuma ya ja baya yana ƙirgawa.

"Wai kujerar ma sai an auna mata wurin zama?" ta tambaya tana dariya.

"Nan ne aikin yake, Madam. Ɗaura talabijin kowa ya iya. Kin ga wannan inci sittin da biyar ne daga kusurwa zuwa kusurwa. Sai ki ninka shi sau ɗaya da rabi, zai ba ki mita biyu da rabi. In kika matsa kusa fiye da haka, idonki zai yi ta yawo dama da hagu, wuya ya sage, kai ya ɗauki ciwo. In kika yi nisa kuma, kin yi asarar girmansa, da shi da ƙarami duk ɗaya. Akwai wani Alhaji da ya ce lallai sai na kai masa kujera ƙarshen falo don baƙi su ga faɗin kafet ɗinsa. Yanzu labarai ma sai 'ya'yansa sun karanta masa."

Ya liƙa farin salatif a kan tayil, suka kinkimo doguwar kujera suka ɗora ƙafafunta daidai kan layin. Ya zaunar da ita a tsakiya, ya duba ko tsakiyar gilashin ta yi daidai da idonta, sannan ya danna rimot. Haske ya cika falon, sauti ya taso ta gaba da baya.

"Ya kika gani?"

"Ya yi kyau sosai."

"Karanta min rubutun can da ke gudu a ƙasa, ki ji yadda yake fes."

Auta ta dubi inda ya nuna. Wani farin layi ta gani yana rawa, ya rabu uku, kowanne da jela kamar an shafa jiƙaƙƙen hannu a kan alli. Ta miƙe da sauri.

"Na bar abinci a wuta," ta ce.

A kicin ta jingina da bango ta rufe ido ɗaya, ta buɗe, ta rufe ɗayan. Abin ba yau ya fara ba. Tun kafin biki take fama da zura zare a allura, ta ɗauka gajiya ce. Ta yanki tabarau a ɓoye, wata biyu kawai ya yi mata amfani. Ba ta gaya wa kowa ba, domin akwai abin da take tsoron tunawa. Mahaifiyarta, Allah ya jiƙanta, da lalube ta ƙarasa shekarunta na ƙarshe.

Daga ranar, kallon yamma ya zama mata jarrabawa. In Injiniya ya dawo aiki ya yi wanka, sai ya buga kujera da tafin hannu ya ce ta zo. Sati na farko ta zauna kusa da shi tana bin labari da kunne. Sati na biyu ta ce bayanta na ciwo, ta jefa filo a ƙasa ta zauna gaban ƙafarsa. Bayan kwana kaɗan filon ya matsa tayil ɗaya. Ya ƙara matsawa biyu. Duk lokacin da ya je ɗauko ruwa, kafin ya dawo ta ɗan ja gaba.

Mutumin da ke cin abinci da awo ba a ɓoye masa taku. Wata ranar Asabar da la'asar ya rage sauti, ya sauko ya zauna a ƙasa kusa da ita.

"Auta, tayil shida kika ci a wata ɗaya. Ina ta ƙirgawa ina jira ki yi magana."

Ta buɗe baki za ta kawo zancen ciwon baya, sai hawaye suka riga ta.

"Daga can ba na ganin fuskar kowa, Injiniya. Kai ma in ka tsaya a bakin ƙofa, da tsayinka nake gane ka."

 Ya riƙe hannunta.

Ranar Litinin suka je asibitin ido. Likitar, wata mace mai furfura da sanyin murya, ta daɗe tana haska idanun Auta kafin ta ja kujera ta fuskance su.

"A gaban ido akwai wani tantani garai-garai, kamar gilashin agogo. Naki ya yi siriri, ya fara tsini, shi ya sa haske ke tarwatsewa kafin ya shiga. Da kin zo bara, da mun tsayar da shi. Yanzu ya wuce tabarau, sai dashe. Za a sa miki na wani da ya rasu ya bar izini, kuma masu jira suna da yawa." Ta sake duba takardar da ke gabanta. "Kina da juna biyu?"

"Wata uku."

"To, ba za mu taɓa ki ba sai kin sauka. Kuma gara in gaya muku gaskiya, cikin yakan ƙara wa ciwon gudu."

"Likita, ni me zan yi?" in ji Injiniya. "Ko nawa idon za a cire, a cire."

"Ba a cirar na mai rai, ɗana. Ka kula da ita, ku jira."

Ku jira. Da wannan kalma suka koma gida. Suna shiga falo Injiniya ya tsaya yana kallon farin salatif ɗin nan. Ya sunkuya ya tura kujerar shi kaɗai, tana ƙara a kan tayil, har sai da ta rage taku ɗaya tsakaninta da bango.

"Me kake yi? Kai fa ka ce kai zai yi ciwo."

"Wannan lissafin na masu ido biyu ne lafiyayyu. A gidan nan inda kike gani nan ne daidai."

"To kai ka zauna a baya mana."

"In zauna da wa?"

Haka suka koma zama, gwiwoyinsu na kusan taɓa teburin talabijin. A nan Auta takan ga fuska in an nuno ta da girma. Shi kuwa idanunsa su yi jawur, ya riƙa matsa goshi a ɓoye, amma bai taɓa komawa baya ba. Yakan karanta mata rubutu, ya sauya murya in mace ce, ya yi kauri in sarki ne, har ta yi dariya ta manta. Suka yanke shawarar kada Umma, mahaifiyarsa, ta sani tukuna.

Umma ba muguwar mace ba ce. Ita kaɗai ta raini 'ya'yanta biyu bayan rasuwar ubansu, kuma Injiniya ne namijinta tilo. Ita ce ma ta fara yabon Auta, ranar da ta kai mata ɗinki ta ga ladabinta. Sai dai in tsoro ya kama ta a kan ɗanta, ba ta ji ba ta gani.

Wata Lahadi suka yi sallama ba zato, ita da Yaya, babbar 'yarta. Umma ta tsaya turus a bakin falo.

"Wannan wane irin zama ne, kamar masu jin ɗumi? Kai da kake koya wa mutane, kai ne ka cusa hanci a cikin talabijin? Dube ka, idonka kamar an zuba barkono."

"Gwaji nake yi, Umma."

"Mayar da kujerar nan inda take."

Ya mayar. Ƙafafunta suka koma kan layin. Auta ta kawo ruwa da lemo, tana ƙirga takunta a zuci, ta ajiye tire lafiya. Ta zauna a gefen Yaya, mita biyu da rabi daga bango, ta kafa ido a kan wani taron launuka da ke motsi. In ta ji sun yi dariya, ita ma ta yi. Sau ɗaya ta makara, dariyarta ta fito ita kaɗai.

Yaya ta juyo ta daɗe tana kallonta. Ta ɗauki rimot ta sauya tasha, ta kashe sautin.

"Amaryarmu, ke da kike tela, wane irin ɗinki ne a jikin matar nan?"

Auta ta ga wani abu ja a tsakiyar kore. Ta ji Injiniya ya motsa zai yi magana, Umma ta ce, "Bar ta ta amsa."

"Doguwar riga ce," in ji Auta a hankali. "Ja."



"Motar noma ce a gona," in ji Yaya. Muryarta ta yi sanyi, kamar ita ma ba ta so abin ya tabbata ba.

Injiniya ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya zayyana mata komai, har da zancen dashe da jira. Umma ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama, sai ta juya wajen Auta.

"Tambaya ɗaya zan yi miki, ki ji tsoron Allah. A danginku akwai mai irin wannan?"

Auta ta san in ta ce babu, maganar za ta iya mutuwa a nan. Bakinta ya ƙi.

"Mahaifiyata ta makance kafin ta rasu."

"Ubanki ya sani, ya yi shiru. Ke kin sani, kin yi shiru. Kai ma ka sani, ka mayar da ni bare." Umma ta miƙe tana gyara mayafi. "An rufe mu aka ba mu. Yanzu ga ciki, gobe a haifo min jika yana lalube. Ɗana kuma ya ƙare rayuwarsa yana jan mace a hannu, har nasa idon ya fara tafiya. Ka mayar da ita gidan ubanta, ka ba ta takardarta."

"Umma, ki yi min rai. Ba ita ta ɗora wa kanta ba."

"In ta ƙara kwana a gidan nan, kada ka sake taka ƙofata."

Bayan sun fita, Injiniya ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Auta ba ta taɓa jin kukan namiji babba ba sai ranar. Ita ce ta lallaɓa ta shiga ɗaki ta fara ninke kayanta.

"Ba zan rubuta komai ba," ya ce daga bakin ƙofa. "Ko hannuna za a yanke."

"Na sani. Amma ka kai ni gida. Ba zan iya kwana ina jin uwa na fushi da ɗanta saboda ni ba."

Baba, mahaifin Auta, tsohon direban babbar mota ne da ya ajiye aiki. Da ya ga akwati a hannun surukinsa, bai tambayi komai ba, ya buɗe ɗakin marigayiya ya share shi da kansa. Sai da Injiniya ya tafi ya zauna bakin gadon ya ce, "Ni na ɗauka hayaƙin murhu ne ya ci idon uwarki. Wallahi da na san abu ne mai bin jini, da na faɗa."

Wata huɗu Auta ta yi a ɗakin nan. Ciki na girma, duniya na ƙara dushewa. Masu kawo ɗinki suka ɗauke ƙafa tun ranar da ta haɗa hannun riga a baibai. Ta koyi gane safiya da ɗumin rana a kan taga, ta koyi gane Baba da jan takalminsa. Wani lokaci takan ɗaga tafin hannunta ta matso da shi a hankali, ta ga a ina zanen zai fito. Da farko kamu ɗaya ne daga hancinta. Daga baya sai ya kusa taɓa gashin idonta.

Injiniya kullum da safe sai ya biya gidan Umma ya durƙusa ya gaishe ta. Ba ta amsawa. Ya ɗebo mata ruwa, ya duba abin da ya lalace ya gyara, ya yi mata sai an jima tana juya masa baya. In ya tashi aiki da yamma ya zo gidan Baba, ya zauna a kan tabarma daf da Auta, ya kawo fuskarsa kusa da tata har tana jin numfashinsa.

"Nan fa? Kina gani na?"

"Ina ganin hanci. Ka rame."

"Hancin ne ya rame?"

Takan yi dariya don ta faranta masa. Ta tambaye shi talabijin, ya ce tun ranar bai kunna ba, ya lulluɓe shi da zanin gado. Ya je asibiti sau ba adadi yana tambayar ko layi ya matso, amsar ɗaya ce. Ya tura kawunsa wurin Umma, ta ce ba ta hana kowa zama da matarsa ba, ita dai ta cire shi daga 'ya'yanta. Ya roƙi Yaya, ta ce ita tun ranar ba ta barci da kyau, amma wa ya isa ya tanƙwara Umma?

Ranar da cikin ya shiga wata na tara, Auta ta ce masa, "Injiniya, ka sake ni."

Ya ɗago ya dube ta, ita kuwa ta ci gaba.

"Ba don na daina son ka ba. Ka ga dai yadda kake. Ba ka da uwa, ba ka da mata, kana yawo tsakanin ƙofa biyu. Ni ko an yi aikin ba tabbas. Ka ba Umma abin da take so, ka huta. In na haihu zan ba ka ɗanka."

"Kin gama?"

"Na gama."

"To ni ban san yadda zan yi da Umma ba, ban san yadda zan yi da idonki ba. Duk abin da na iya a duniya bai yi min amfani a nan ba. Abu ɗaya ne ya rage a hannuna, shi ne in ƙi. Kada ki karɓe min shi."

Baba yana alwala a tsakar gida, duk ya ji. Washegari ya sa babbar rigarsa ya tafi gidan Umma shi kaɗai. Ya ƙi kujerar da aka ba shi, ya zauna a ƙasa, dattijo da furfurarsa.

"Hajiya, laifi nawa ne, kuma na zo in ɗauka. Ban zo roƙon a mayar da Auta ba. Jibi za ta ga likita. Ki zo ki yi tambayarki da bakinki, a kan jikanki. Abin da kika ji, ki yi hukunci da shi, ni ba zan ɗaga kai ba."

Umma ta ji nauyin ganinsa a ƙasa. Ta ce za ta zo, amma don jikan kawai.

Ta zo kuwa. Ta zauna a can ƙarshen benci, ba ta amsa gaisuwar Auta ba. Da suka shiga, ba ta jira an ba ta dama ba.

"Likita, abin da ke cikin nan zai makance ko ba zai makance ba?"

"Ba zan rantse miki ba, Hajiya, gaibu na Allah ne. Amma yawancin 'ya'yan masu wannan ciwo ba sa yin sa. Wanda ya yi kuma, in ana kawo shi awo tun yana yaro, muna tsayar da shi kafin ya taɓa ganinsa. Abin da ya cuci wannan yarinya tsoro ne da ɓoyo."

"Ɓoyon dai. Wata nawa tana kallon idona tana yi min dariyar ƙarya."

Likitar ta dube ta ta saman tabarau. Ta jawo wani akwati mai cike da gilasai, ta zaɓi biyu ta sa a firam, ta miƙa mata.

"Sa wannan. Kusan haka take gani a lokacin da kike magana. Yanzu ya fi haka."

Umma ta sa. Auta ba ta ga fuskarta ba, ta dai ji numfashinta ya sauya.

"Ga kofi a kan tebur, ga gorar ruwa. Zuba min."

Aka ji gora ta bugi kofi, ruwa ya kwarara a kan tebur yana ɗiga ƙasa. Umma ta miƙe za ta matsa, gwiwarta ta daki kujera, ta miƙa hannu tana neman bango. Hannun Auta ta samu, domin ita ce ta ji motsin ta taso da sauri ta tare ta.

"A hankali, Umma. Ki ja ƙafa, kada ki ɗaga. Kujerar na hagunki."

Umma ta tsaya riƙe da hannun. Ta daɗe ba ta cire gilashin ba.

"A haka kika yi min girki ranar da na kwana gidanku?"

"Eh, Umma."

"A haka kika goge min mayafai?"

"Da hannu nake bin su."

Ta cire gilashin ta ajiye, ta fita. Kwana tara ba a ji daga gare ta ba. Injiniya ya ce har yanzu ba ta amsa gaisuwarsa, sai dai ta daina juya masa baya. Auta ta cire rai.

A rana ta goma da hantsi, naƙuda ta kama ta, Baba ya fita neman mota. Tana durƙushe riƙe da ƙafar gado, ba ta ganin ko ƙofa, sai ta ji an yaye labule, an dafa bayanta da wani hannu mai kaushi.

"Tashi, 'yata. Sa hannunki a wuyana."

Ashe Umma ta zo ne da niyyar ba Baba haƙuri, ta tarar da haka. Ita ta riƙe ta har asibiti, ita aka miƙa wa jaririyar, ita ta kama yatsun Auta ta bi da su a kan 'yar fuskar. "Nan goshi ne, irin na ubanta. Nan baki, naki ne sak." Sai ta juyo ga Auta. "Ki yafe min. Tsoro ne ya rufe min ido, ni da nake da su lafiya lau."

"Ni ma na ɓoye miki, Umma. Ki yafe min."

Daga asibiti gidan mijinta aka wuce da ita, Umma ta tare a ɗakin baƙi. Jiran bai ƙare ba. Wata goma sha ɗaya suka ƙara, Auta na shayar da 'yar da ba ta san kamanninta ba, tana jin dariyarta, tana jin ana cewa ta yi haƙori, ta fara rarrafe. Akwai ranakun da takan shige banɗaki ta yi kuka ta wanke fuska. Akwai ranar da aka kira su asibiti, suka je da murna, aka ce tantanin da aka samu bai yi kyau ba, su koma. A hanyar dawowa Umma ce ta yi ta kuka, Auta na ba ta baki.

Kira na biyu ya tabbata. Aka yi aikin a idon dama. Likita ta gargaɗe su cewa gani ba zai dawo rana ɗaya ba, sai a hankali, kuma na hagu sai wani lokaci. Sati shida bayan nan, wata safiya Auta na zaune a tsakar gida Umma na ɗiga mata magani. Ta ƙifta ido, ta sake ƙiftawa. Can wajen igiyar shanya ta ga wata 'yar mitsitsiyar mutum ta dafa bokiti ta miƙe, ta saki, ta yi taku biyu tana tangaɗi. Tana da kumatu, da 'yan haƙora huɗu, da wani ɗan baƙin tabo a gefen gira.

"Umma," in ji Auta, muryarta can ƙasa, "ba wanda ya gaya min tana da tabo a gira."

Kwalbar magani ta suɓuce daga hannun Umma. Injiniya da ke ɗaure takalmi zai fita aiki ya tsaya da igiya a hannu, ya kasa tashi. Yarinyar ta ƙara taku uku ta faɗa cinyar uwarta, Auta ta ɗaga ta sama tana kallonta, tana kallonta, kamar za a ƙwace.

Ranar Injiniya bai je aiki ba.

Masu karatu, ciwo ba ya neman izini kafin ya shiga gida, kuma ba laifin wanda ya kama ba ne. Ɓoye shi ne ke ba shi ƙarfi, ya ci jiki, ya ci amana. Auta ta yi kuskuren shiru, ta biya da tsada. Umma ta yanke hukunci kafin ta san abin da yarinyar ke ɗauke da shi. Injiniya kuwa ba shi da maganin ko ɗaya, amma bai ɗaga wa uwarsa murya ba, bai kuma saki hannun matarsa ba, har Allah ya kawo mafita. Wanda ya rasa abin yi, in ya riƙe haƙuri da mutanensa, bai rasa komai ba tukuna.